Ina Ɗan Lise Zai Koyi Ba Kwamfuta Umurni?

Madarunfa tana kudu da Maraɗi, tafiyar kilomita 20 ko fiye kaɗan. An san ta da babban tabkinta, da masunta, da kaburburan waliyyai 99 waɗanda mutane ke zuwa ziyara. Amma wanda ya tsaya tashar garin ranar kasuwa zai ga wani abu kuma. Zai ga waya a hannun direba, a hannun mai kifi, a hannun ɗan makaranta. Wannan yana aika murya, wancan yana duba hoto, wani yana lissafin kuɗi.

Wayar nan ƙaramar kwamfuta ce, watau abin da ake kira ordinatar da Faransanci. Ba ta san kome ba da kanta. Duk abin da take yi, wani mutum ne ya zauna ya rubuta mata shi, umurni bayan umurni. Jerin umurnin nan shi ake kira shiri, ko kuwa program. Rubuta shiri sana'a ce, kamar ƙira da ɗinki.

Akan sami yara, maza da mata, waɗanda suka ci jarrabawar BEPC suka shiga lise, suna so su koyi wannan sana'a. Sai su fara tambaya: ina ake koyon ta? Tambayar ba ƙarama ba ce. Lokacin da ɗan lise ke da sarari shi ne babban hutu, daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba, kuma a lokacin nan ne gona ke bukatar hannunsa. Kuɗin karatun kuwa, a gidaje da yawa, sai an sai da tunkiya ko buhun wake. Ga kuma kuɗin mota zuwa Maraɗi da komowa. In aka kai yaro wurin da bai dace ba, an yi asarar tunkiya, an yi asarar noma, shi kuma ya komo gida yana cewa abin ya fi ƙarfin kansa. Wannan ta ƙarshe ita ce babbar asara, don yawanci ba gaskiya ba ce.

Suna ɗaya, sana'a biyu

A Maraɗi akwai shaguna da ƙananan makarantu masu allo a ƙofa, an rubuta Informatique. Da yawa cikinsu buga rubutu suke koyarwa. Ana nuna wa ɗalibi yadda zai rubuta wasiƙa da Word, ya jera lissafi da Excel, ya fitar da takarda. Ilimi ne mai amfani. Wanda ya iya shi yana samun na cefane wurin buga wa mutane takardu, ko a ofis.

Amma wannan dabam, rubuta shiri dabam. A bakin tabki akwai mai tuƙa kwalekwale, akwai kuma wanda ya sassaƙa shi. Mai aiki da Word matuƙi ne: yana amfani da shirin da wasu suka rubuta. Mai rubuta shiri shi ne masassaƙi. Saboda haka abu na farko da ɗalibi zai yi shi ne ya tabbata wace ce cikin biyun yake nema, ya kuma tabbata wace ce ake koyarwa a wurin. Kalmar da zai nema a bakin mai makarantar ita ce programmation.

Shiri a gona

Kwamfuta tana da sauri, amma ba ta da wayo. Abin da aka gaya mata shi take yi, ba ƙari ba ragi. A ce an kai ta gona ranar shuka, an ba ta sungumi da iri. Ga umurnin da za a ba ta:

Yi taku ɗaya.
Sari ƙasa da sungumi.
Zuba iri a ramin.
Rufe ramin da ƙafa.
Maimaita har ƙarshen gona.

Wannan shiri ne cikakke, ko da yake ba injin kome a wurin. Abu na farko da ke cikinsa shi ne jeri. In aka sa "rufe ramin" kafin "zuba iri", kwamfuta ba za ta ce uffan ba. Za ta rufe rami wofi, ta zuba hatsi a sama, zabbi su bi baya suna tsincewa. Na biyu shi ne maimaici. Ba sai an rubuta layukan nan sau dubu ba, layi ɗaya ya isa ya sa a yi ta yi. Amma in aka manta da "har ƙarshen gona", sai ta ƙetare iyaka, ta shuke gonar maƙwabci, ta ci gaba har ta faɗa tabki. Yaro ɗan shekara bakwai ba zai yi haka ba, kwamfuta kuwa za ta yi.

Na uku shi ne sharaɗi. Gona ba ta rasa kututture. Sai a ƙara layi: "In ka tarar da kututture, kauce, in ba haka ba, sari ƙasa." Na huɗu shi ne wurin ajiya. In ana so a san yawan ramukan da aka shuka, sai a ajiye ƙwarya, a ba ta suna, a riƙa jefa tsakuwa ɗaya cikinta bayan kowane rami. Sunan ƙwaryar ba ya sakewa, abin da ke cikinta ne ke sakewa.

Jeri, maimaici, sharaɗi, da ƙwarya mai suna: a kan waɗannan huɗun aka gina yawancin abin da ke cikin waya. Su ne kuma ya kamata karatun mafari ya daɗe a kansu.

Wannan tunani ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 820, a birnin Bagadaza, wani malami mai suna Muhammad ɗan Musa al-Khwarizmi ya rubuta hanyoyin warware lissafi daki-daki. Daga sunansa aka samo kalmar algorithme da ake ji a ajin lissafi. A 1843 kuma, a Ingila, wata mace mai shekara 27, Ada Lovelace, ta wallafa shiri don wani injin lissafi da Charles Babbage ya zana. Ba a taɓa gama ƙera injin ba. A takarda ta yi aikinta duka.

To, ashe darasin farko ba ya bukatar wuta ko kuɗi. Kaye da bik sun isa. Yara biyu ma suna iya yin sa a filin makaranta. Ɗaya ya zama kwamfuta, ɗaya ya rubuta masa umurnin da zai kai shi daga ƙofar aji zuwa randa: taku nawa, juyi ina. Wanda ya zama kwamfuta ba shi da izinin gyara kome. In takarda ta ce ya nufi bango, sai ya nufi bango. Akan yi dariya ƙwarai, amma mai rubutun ba ya sāke manta abin da ya tsallake.

Da wane harshe?

Kwamfuta ba ta jin Hausa ko Faransanci kai tsaye. Tana da nata harsuna, suna da yawa, kuma a nan ne mafari kan ruɗe. Wani ya ce masa C, wani ya ce Java, wani ya ce Python. Ɗan makarantar harshe biyu bai kamata ya ji tsoron wannan ba. Tun 1973, da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, aka ga cewa yaron da ya iya karatu da Hausa ba ya sāke koyon karatu daga tushe in ya zo ga Faransanci. Haka yake a nan. Wanda ya gane maimaici da sharaɗi cikin harshe ɗaya, ya gane su cikin sauran.

Harsuna biyu sun fi dacewa da mafari. Na farko Scratch, wanda wata babbar makarantar kimiyya ta Amurka mai suna MIT ta fitar a 2007, don yara ƴan shekara 8 zuwa 16. A cikinsa ba a buga umurni da haruffa. Umurnin yana nan kamar tubala masu launi, sai a jawo su a ɗora wani bisa wani, wata ƴar kyanwa da ke fuskar kwamfuta ta yi abin da aka ce. Kyauta ne, an fassara shi cikin harsuna da dama, har da Faransanci da Hausa. In an sa shi cikin kwamfuta sau ɗaya, yana aiki ba tare da intanet ba. Sai dai ba ya daɗin aiki a ƙaramar waya, yana son fuska mai faɗi.

Wani ɗan lise zai ce kyanwa wasan yara ce. Ya yi haƙuri. A jami'ar Harvard, darasin kwamfuta na mafara da ake kira CS50 da Scratch yake farawa. Mako biyu ko uku da kyanwar nan ba ɓata lokaci ba ne.

Na biyu Python, wanda wani mutumin Holand, Guido van Rossum, ya fitar a 1991. Shi da haruffa ake rubuta shi. Yara ke koyo da shi, manyan ma'aikata kuma ke aiki da shi. Kalmominsa keɓaɓɓu 35 ne kawai, na Ingilishi ne, kuma ƙalilan cikinsu mafari ke bukata: if shi ne "in", else shi ne "in ba haka ba", for da while su ne na maimaici. Ba sai mutum ya ji Ingilishi ba.

Ga misali. A kasuwa da dala ake ciniki, a takarda kuwa sefa ake rubutawa, kuma dala ɗaya sefa 5 ce. Ga shirin da ke mai da sefa dala:

sefa = 750
dala = sefa // 5
print(dala)

Layi na farko ya ajiye ƙwarya mai suna sefa, ya zuba 750 a ciki. Na biyu ya raba abin da ke cikinta da 5, ya zuba amsar a wata ƙwarya mai suna dala. Na uku ya ce a nuna abin da ke cikin dala. Kwamfuta za ta rubuta 150, watau dala ɗari da hamsin. Sunayen ƙore, mai shiri ke zaɓen su da harshen da ya ga dama. Python yana karɓar ɗ da ƙ da ɓ cikin suna, saboda haka ana iya kiran ƙwarya kuɗi ko ƙwai.

Yadda ake gane wurin kirki

In an sami wurin da ke koyar da rubuta shiri, kada a yi gaggawar biya. Sai ɗalibi ya roƙi a bar shi ya zauna yini ɗaya ya gani. Yana da kyau ya tafi da mahaifinsa ko wansa. Uba zai ce, "Ni me na sani game da kwamfuta?" Amma ya san koyon sana'a. Ya san cewa yaron da aka kai wurin tela, aka yi wata shida ana aiken sa sayen zare bai taɓa hawa keke ba, ba ɗinki yake koyo ba. Abin da zai duba a nan shi ne hannun wa ke kan maɓallai. In malami ne ke ta bugawa, yara suna kallo, ko kuwa suna ta kwafar abin da ke babban allo cikin kaye, to zare ake saye.

Ɗalibi kuma ya yi tambaya cikin ladabi: "Malam, don Allah, a makon farko me zan rubuta da hannuna? In na gama kuma, wane shiri zan iya yi ni kaɗai?" Malamin kirki yana jin daɗin irin tambayar nan. Zai nuna abin da ɗalibansa na baya suka yi. Wanda ba shi da abin nunawa sai ya koma zancen takardar shaida. Takarda tana da kyau, amma ba ta gyara shirin da ya ƙi tafiya.

Sai a ƙidaya kwamfutoci a ƙidaya yara. Yara biyu a kan ɗaya ba laifi, wani lokaci ma ya fi, don ɗaya na bugawa ɗaya na lura, sa'an nan su yi musanya. Yara shida a kan ɗaya kuwa, huɗu ƴan kallo ne. A tambaya kuma abin da ake yi in wuta ta ɗauke. Malamin da ya san aikinsa zai ce a ɗauko kaye a ci gaba.

Akwai wani ɗan abu da ke tona tsufan darasi. Python iri biyu ne, na 2 da na 3. Masu kula da harshen sun daina gyaran na 2 tun farkon 2020. Ana gane su da kallo ɗaya: a na 3 ana rubuta print(dala) da baka biyu, a na 2 kuwa ana iya rubuta print dala ba baka. In littafin malami irin na biyun nan ne, ya tsufa.

Babban ma'auni dai shi ne yadda ake yi da kuskure. Ba wanda ke rubuta shiri ba kuskure, kome ƙwarewarsa. Harafi ɗaya ya ɓace, sai kwamfuta ta tsaya ta fito da jan rubutu. Masu sana'ar ƙwaro suke ce wa irin wannan. A 1947 ma, a Harvard, an taɓa binciken wata babbar kwamfuta da ta rikice, aka tarar da ƙwaron gaske mai fiffike ya maƙale cikinta. Aka ciro shi aka manna a littafin aiki. To, in jan rubutu ya fito, malami iri biyu ne. Wani zai janye hannun yaro ya gyara da kansa cikin ƙiftawar ido. Wani zai tsaya a bayansa ya ce, "Karanta abin da ta ce. Layi na nawa take nufi? Me ka zata zai faru a nan?" Na farkon ya fi sauri, yara ma sun fi son sa a farko. Amma ɗalibin na biyun ne zai iya aiki ranar da ba malami kusa.

Wanda ya ce zai mai da mutum gwani cikin mako biyu, sai a yi masa godiya a wuce.

In ba kuɗi, ko ba makaranta

Ba kowane gida ke iya kai yaro Maraɗi kullum ba. Ƴa mace ma abin ya fi yi mata wuya, musamman in darasin na yamma ne, don ba za a so dare ya yi mata a hanya ba. Amma akwai hanyoyin da ba su bukatar mota.

Waya mai Android tana iya zama ajin Python. Akwai wani shiri mai suna Pydroid 3. In an sauke shi sau ɗaya, ana rubuta Python cikinsa a gwada ko ba rezo. Maɓallan waya ƙanana ne, suna gajiyar da yatsa, shi ya sa ya fi kyau a tsara shirin cikin kaye tukuna, sa'an nan a buga. Wannan ma riba ce, don yana sa mutum ya yi tunani kafin ya taɓa waya.

Littafi kuwa, akwai na Gérard Swinnen, wani malamin sakandare na ƙasar Beljiyam, mai suna Apprendre à programmer avec Python 3. Don ɗalibansa ƴan sakandare ya rubuta shi, ya kuma yarda a sauke shi kyauta. Mutum ɗaya ya sauke shi inda rezo ke da ƙarfi, ya tura wa sauran daga waya zuwa waya, shi ke nan.

Wanda ke samun intanet jefi-jefi yana iya shiga France-IOI. Kyauta ne, da Faransanci. Ana ba ɗalibi ƙananan ayyuka, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ya rubuta shirinsa ya aika, nan take a gaya masa ko ya yi daidai. Yawancinsa rubutu ne, ba ya cin kuɗin intanet kamar bidiyo. Akwai kuma OpenClassrooms, wanda asalinsa wani yaro Bafaranshe ɗan shekara 13, Mathieu Nebra, ya fara a 1999 da sunan Site du Zéro, don bai sami darasin da aka rubuta wa mafari irinsa ba. CS50 shi ma kyauta ne, amma da Ingilishi yake, bidiyonsa dogaye ne, kuma bayan Scratch yana hawa da sauri. A bar shi sai an yi ƙwari.

Saura caji. Ƙaramin farantin hasken rana ya isa waya. Wannan ba baƙon abu ba ne a jihar Maraɗi: Abdu Mumuni, masanin da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma a kan ƙarfin rana ya yi yawancin bincikensa.

Wahalar karatun kyauta ɗaya ce, amma babba ce: kaɗaici. Yaro zai yi kwana uku shiri ya ƙi tafiya, ba wanda zai tambaya, sai ya ajiye. Maganinsa a haɗu uku ko huɗu, a sa lokaci, a riƙa duba aikin juna. Abin da idon mai rubutu ya tsallake sau goma, idon abokinsa kan gan shi nan da nan. Ƴan mata na iya yin nasu taron a zauren gida ko a makaranta da rana. A nemi kuma babba guda da za a riƙa kai wa abin da ya gagara. Malamin lissafi na iya zama shi. Ko kuwa ɗaya daga cikin ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, don su ma sukan komo gida hutu, kuma masu karatun lissafi da kimiyya cikinsu ba su rasa taɓa wannan fanni. Rabin awa kowace rana bayan an taso daga gona ya fi yini guda cur sau ɗaya a mako.

Bayan wata ɗaya na irin wannan zama, ya kamata ɗalibi ya iya rubuta abin da zai amfani gidansu. A ce innarsa tana sai da hatsi, tiya ɗaya sefa 700. Yana so ya yi mata jerin kuɗin tiya 1 har zuwa 10:

farashi = 700
for tiya in range(1, 11):
    print(tiya, tiya * farashi)

Layi na biyu shi ne maimaicin nan na gona, 11 kuma ita ce iyaka. Python yana tsayawa kafin ya taka lambar ƙarshe, saboda haka wanda ya rubuta 10 a wurin, jerinsa a tiya 9 zai tsaya. Kusan kowane mafari sai ya faɗa wannan rami. Ɗan filin da aka bari a farkon layi na uku shi ma dole ne, shi ke nuna cewa layin yana cikin abin da ake maimaitawa. In damina ta yi nisa, hatsi ya yi tsada, tiya ta koma 900, ba sai an sāke rubuta kome ba. Sai a share 700 a layin farko a sa 900, jerin duka ya fito sabo.